Gorunan Baba: Nazarin Wani Aikin Fasaha a Tsakar Gida a Argungu

Gidan da mutanensa

Gidan yana cikin tsohon garin Argungu, a gangaren da ke kallon fadama, 'yar tafiya kaɗan daga gidan tarihi na Kanta. Gidan masunta ne tun kaka da kakanni. Maigidan, wanda kowa ke kira Baba, ya haura shekara 50 yana shiga ruwa da gora da homa. Ga wanda bai san su ba, goran su ƙato ne, wani ma hannu biyu ba sa zagaye shi. Masunci kan kwanta a kansa ya yi iyo, kifin da ya kama kuma ya jefa ta bakinsa. Homa kuwa koma ce ta hannu mai bakan itace, ana riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, a haɗe bakinsu a cikin ruwa. Ni 'yar ƙanwar Baba ce, malamar makaranta, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ban leƙa gidan ba. Watanni da awon da ke cikin wannan rubutu daga littafin da na riƙa cikewa suka fito.

Tsakar gidan mita 14 ce daga gabas zuwa yamma, mita 9 daga kudu zuwa arewa. Zaure yana kudu maso yamma. Ƙasar ta ɗan karkata zuwa kusurwar arewa maso gabas, inda wuriya take, wato kafar da ruwan gida ke fita lungu. A cikin gidan akwai Inna, matar Baba, da matan 'ya'yanta biyu, da yara 11, da awaki. Matan suna gumi, suna turara shinkafa su shanya su sayar, don haka kowane taku na tsakar gidan yana da aikinsa. Babban ɗa, wanda nake kira Yaya, dillalin shinkafa ne a Birnin Kebbi, kimanin kilomita 50 daga nan, kuma shi ke riƙe da gidan.

A watan Maris na 2020, da aka dawo da bikin kamun kifi bayan shekara goma ba a yi ba, an kai Baba bakin kogin Matan Fada a kan babur ya yi kallo, don ƙafa ta riga ta ƙi. A watan Yuni Allah ya yi masa rasuwa.

Satumba 2020: turaka ta faɗi

Daminar 2020 babu Bakaben da ya manta da ita. Ruwa ya shanye fadamun shinkafa, ya rushe gidaje a garuruwa da dama. A wannan gida ta wuriya ya shigo, ya tsaya kwana biyu. Da ya janye ya bar shaida a bangon zaure, santimita 60 daga ƙasa. A dare na uku turakar Baba, ginin ƙasa da ke kusurwar arewa maso gabas, ta zube. Babu kowa a ciki. Kayan sunsa sun tsira saboda a zaure yake rataye su: gora 23, homa ƙafa 6.

Bayan rabon gado magada suka amince ba za a sayar da gidan ba. Yaya ya sake ɗakunan mata da bulo da kwano a ranin 2021, amma gurbin turakar, mita 6 a tsaye mita 4 a kwance, aka bar shi fili, domin babu ɗan da ya yarda ya kwana a inda uban ya yi jinya. Cikin 'yan watanni wurin ya zama matattarar tarkace da makwancin awaki.

A nan matsalar ta faro. Yaya yana son a kafa wani abu da zai riƙa tuna wa jikoki ko wane ne kakansu. Inna tana son ta daina buɗe ido kullum safiya a kan kango. Matan gida suna son wurin shanya. Cikin ukun nan, muradin Yaya kaɗai aka furta, domin shi ke fitar da kuɗi, kuma Inna ba ta zama ta yi doguwar magana da shi. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗi.

Oktoba 2021 zuwa Satumba 2022: kifin ƙarfe

Yaya ya ga aikin wani saurayi a Facebook, wanda ya karanci sassaƙa a jami'a, yana da wurin walda a Kaduna. Suka yi magana a waya a watan Oktoba. Yaya ya tura masa hoto 4 ta WhatsApp, waɗanda ya ɗauka da safiyar Sallah, ranar da aka share gidan tas, babu tabarmar shanya ko ɗaya, babu turmi, babu kowa. A kan hotunan nan mai fasahar ya ƙera giwan ruwa na ƙarfe, tsawonsa mita 3, ya yanko ɓamɓaroki daga jikin tsofaffin gangunan mai ya like su ɗaya bayan ɗaya.

A Janairun 2022 aka kawo shi a a-kori-kura. Bai shiga ta zaure ba. Zauren Bahaushe ƙofofinsa ba sa kallon juna, an karkata su ne don kada na waje ya hango cikin gida, kuma abu mai mita 3 ba ya lanƙwasa. Sai da aka fasa katangar gabas, maza 8 suka ciccibo shi, aka ɗora a kan dakalin kankare mai mita 2 da mita 1 a gurbin turakar. Matan gida suna ɗaka duk tsawon wunin. Ba zan ɓoye ba, aikin ya yi kyau. Bakin kifin a buɗe, bayansa a ɗan lanƙwashe kamar yanzu aka ɗago shi daga ruwa, duk masuncin da ya gani ya san wanda ya yi shi ya kalli giwan ruwa da kyau.

Makon farko yaran unguwa suka yi ta cika zaure, har da samarin da suka wuce shekarun shiga gidan mutane, kowa yana neman ya leƙa. Sannan maganar salla ta taso. Daga Argungu alƙibla tana gabas ne, da ɗan karkata zuwa arewa, kuma da zafi matan gida a tsakar gida suke salla. Duk wadda ta shimfiɗa darduma, kifin take fuskanta. Inna ba ta ce komai ba, ta dai koma salla a ɗaki, surukanta suka bi ta.

Limamin unguwa ya sami Yaya a zaure. Ya kawo hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura, ya kuma bayyana cewa a mazhabar Malikiyya surar abu mai rai, cikakkiya, mai jiki har tana da inuwa, ita ce aka hana. Yaya ya ce kifi ne ba mutum ba, kuma ba wanda zai bauta masa. Liman bai ja da shi ba, ya ce shi dai ya isar.

Azumin 2022 ya faɗo a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wani wuni, wajen ƙarfe biyu, yaro ɗan shekara 3 ya dafa gefen kifin, tafin hannunsa ya tashi. Kafin nan ma ɓamɓaroki ya tsage wa ɗaya daga cikin matan ƙauri tana ɗauke da masakin shinkafa. Daren da yaron ya ƙone Inna ta kira ni ɗakinta.

"Ke ɗiyag ga, ki gaya ma wancan na Birnin Kabi, ubansu kifi yak kama, bai aje shi ga alƙibla ba."

Na kai saƙo yadda aka ba ni. A watan Mayu aka yanka kifin gida uku, aka kai shi harabar ma'ajiyar shinkafar Yaya, aka sake haɗa shi a can.

Mai fasahar ya zo ranar, ransa a ɓace. A zaure ya ba Yaya labarin Richard Serra, ɗan Amurka da ya kafa wata katangar ƙarfe mai tsawon kimanin mita 36 a wani dandali a birnin New York a 1981, ma'aikatan wurin suka yi ƙorafin ta tare musu hanya, aka yi ta shari'a, aka cire ta a 1989, alhali shi yana cewa don wannan dandali ya yi ta, raba ta da shi daidai yake da rushe ta. Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, shi wancan ya je ya ga dandalin kafin ya ƙera?" Saurayin ya yi shiru.

Dakalin kankaren kuwa an bar shi. Da damina ta sauka sai aka gane a kan hanyar ruwa yake zaune. Sau uku ruwa yana komawa madafi kafin a farfasa shi a watan Satumba.

Nuwamba 2022 zuwa Yuli 2023: goruna a sarari

Mai fasahar ya dawo da ƙafarsa a watan Nuwamba, ya ce ba ya son ladan aiki, a biya kuɗin kaya kawai. A wannan zuwan ne ya ɗaga kai a zaure ya ga gorunan Baba. Ya daɗe yana juya ɗaya a hannunsa, yana shafa wurin da ƙirjin Baba ya goge har ya yi sheƙi. Ya yi wa Yaya maganar El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a jami'ar Nsukka tun daga 1975, wanda ke ɗinke murafan kwalabe da wayar tagulla su zama kamar ƙaton mayafi, ya ce abin da hannun mutane ya daɗe yana taɓawa ya fi sabon ƙarfe magana.

Ya kafa bututun ƙarfe 4, tsayin kowanne mita 3.5, ya ja wayoyi a tsakaninsu, ya rataye dukkan goruna 23 da igiyar roba a hawa uku, bakinsu sama kamar yadda suke zama a kan ruwa, ya baza homa a tsakani. Babu surar mai rai, don haka liman ya ce ba shi da ta cewa. An gama a Disamba. A wannan karon ma kwana biyu kawai ya yi a cikin gida, matan suna ɗaka.

Na gan shi a farin wata a makon farko. Kai ka ce kogi ne aka ɗaga sama, masunta sun nutse sun bar gorunansu. Na tsaya na yi wa Baba addu'a.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kusurwar da aka kafa aikin ke nan. Da dare gorunan suka riƙa bugun juna, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Wannan ita ce ƙarar da Inna ta shekara 50 tana ji da asuba idan Baba zai fita su. Ta daina barci. Ba ta yi ƙorafi ba, surukarta ce ta gaya mini tana jin ta tana tasbihi har kiran salla. Ƙananan yara kuma suka ƙi fita fitsari da dare.

Bushewar iska da bugun juna suka tsaga gora 3 kafin ƙarshen Fabrairun 2023. Lokacin ne aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira, ba mai fasahar ba, ba Yaya ba, babu wanda ya iya zuwa. Zuwa Afrilu rana ta cinye igiyar roba, in ka murza ta sai ta zama gari. A ƙarshen Mayu hadarin farko ya taso daga gabas da guguwa a gabansa, gora 9 suka faɗo a dare ɗaya. Waɗanda suka rage, tun da bakinsu sama yake, suka tara ruwan sama. A Yuli na hau tsani na leƙa ɗaya, tsutsar sauro ce fal a ciki. Nauyin ruwa ya tsinke wasu 2, ɗaya ya faɗi taku biyu daga inda jaririya ke kwance. Washegari aka sauke komai.

Lissafi: cikin 23, lafiyayyu 9, masu gyaruwa 6, waɗanda suka tafi 8. Inna ta bi tsakar gida tana tsince sakaina ɗaya ɗaya, ta zuba a masaki, ta tura ƙarƙashin gadonta. Kifin ƙarfe kuɗi ya ci, kuɗi kuma ana samun wani. Gorunan nan 8 babu kasuwar da za a sayo su.

Agusta zuwa Disamba 2023: awon inuwa

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Inna ce da kanta ta sa aka kira mai fasahar. Ta fito zaure da lulluɓinta, ta zauna a kan tabarma, shi yana durƙushe a bakin ƙofa.

"Ɗana, tun da kaf fara aikin ga, sau nawa kaw wuni cikin gidan ga?"

"Ko sau ɗaya, Inna, sai ranakun da aka shigar da mata ɗaka."

"To wa kaka yi ma aiki?"

Ba zai yiwu baƙon namiji ya wuni a tsakar gidan matan aure ba, kuma ba wanda ya nemi a karya wannan. Sai Inna ta ba shi idanu biyu: ni, da wata jikarta 'yar shekara 14. Ya kafa mana sanda mai mita 1 a tsakiyar gurbin turakar. Kowace awa, daga ƙarfe 7 na safe zuwa magariba, yarinyar takan zuba toka a ƙarshen inuwar sandar ta ɗauki hoto, ni kuma in rubuta wa ke zaune a ina, me take yi. Idan an yi ruwa mu bi shi da ido mu zana hanyarsa. Mun yi mako ɗaya a Agusta, mako ɗaya a Disamba.

Abin da ya fito, duk matar gidan ta san shi, ba a dai taɓa rubuta shi ba. Da hantsi kowa gabas yake nema, saboda inuwar katanga, amma tun da turaka ta faɗi inuwar ta gajarce, Inna ta rasa wurin zamanta na safe. Da la'asar kowa yana komawa gindin ɗakunan yamma, a nan ake tsintar shinkafa, a nan ake kitso, kuma duk wadda ta zauna a nan fuskarta tana kallon gurbin turakar. Shanya ta fi son tsakiya da rabin gurbin na yamma. Ruwa yana bin gefen arewa zuwa wuriya. Inuwar la'asar kuma ba wuri ɗaya take faɗuwa ba duk shekara: a Disamba rana tana karkata kudu, sai inuwa ta zame arewa, alhali daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da mu take bi.

Inna ta kuma aika aka kira wani tsohon magini, abokin Baba. Ya zagaya ta lungu, ya dubi katangar, ya ce duk abin da za a yi a wannan kusurwa sai ya juya wa gabas baya, domin ruwan ƙasar nan daga gabas yake dukan gini, shi ya sa kullum bangon gabas ke fara zaizayewa.

Dabarar aikin daga hoton yarinyar ta fito. Wata la'asar a Disamba an jingine homa ɗaya a kan turmi ana shan iska da ita, inuwar sakarta ta faɗi a katanga kamar ruwa yana kaɗawa. Ta ɗauka ta tura. Cikin daren mai fasahar ya bugo waya yana tambayar ƙarfe nawa ne, kuma taku nawa ne daga turmin zuwa katanga.

Janairu zuwa Maris 2024: gini

An yi ginin da rani, kamar kowane ginin ƙasa. Aka rushe mita 6 na katangar bulo ta gabas. Maginin ya ɗaga tushe da dutse da siminti har santimita 60, daidai inda ruwan 2020 ya tsaya, ya bar dutsen a fili ba shafe. Ya ce Kanta ma, wanda ya kafa daular Kabi, da dutse ya yi ganuwar birninsa Surame. Daga nan tubali ya hau, kaurin bango santimita 45 a ƙasa, tsayi mita 2.6. A mahaɗar dutse da ƙasa aka ja layi da farar ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan.

A gaban bangon, tazarar da ba ta kai mita 2 ba, aka tsayar da ginshiƙai 4. Azarar giginya ce ta yanke wannan tazara: gara ba ta cin ta, amma ba ta ɗaukar nauyi idan ta yi nisa da madogara. A kan rufi aka yi gardama. Mai fasahar yana son rufin ƙasa zalla. Maginin ya ce rufin ƙasa yana son laso, wato shafen da ke hana ruwa shiga, laso kuma yana son katsi daga marina da gashin jima da dafara, yanzu haɗa su aiki ne, sannan wa zai riƙa hawa duk shekara yana gyara? Aka shimfiɗa zana a kan azara, aka rufe da kwano, aka karkata shi zuwa lungu, bakinsa ya zarce bango da santimita 40. Bayan bangon aka shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa aka kwaɓa da ƙasa.

Gora 5 kawai aka rataye, a jere a bakin rumfar, biyu dama, biyu hagu, ɗaya a tsakiya sama da kan mai shiga. Bakinsu ƙasa. Kowanne an ɗaure shi sama da ƙasa da waya don kada ya yi lilo, an ba shi tazarar da ba zai taɓa ɗan'uwansa ba, ba ya kuma taɓa itace ko bango. An turara su da hayaƙi, an shafe su da man darbejiya. Uku daga cikinsu fasassu ne da gyartai ya ɗinke da meɗi. Shi gyartan ya so ya juya ɗinkin ya kalli bango, mai fasahar ya so ya kalli tsakar gida. Aka kai wa Inna, ta ce a bar shi waje, Baba bai taɓa jin kunyar gora mai ɗinki ba. A ƙarƙashin gorunan gefe aka miƙe homa ƙafa 2, bayan wani tsohon yaron Baba ya sake saƙa inda ta ruɓe. Sauran kayan suka koma zaure.

An bar magudana mai faɗin santimita 30 a gefen arewa, aka faɗaɗa wuriya. Daɓen rumfar matan gida ne suka yi, da maƙwabtansu, kwana biyu, da maɗaɓai da waƙa, suna yayyafa makuba suna bugu. Shi ne karo na farko da hannun mace ya shiga aikin, kuma sakainar da ke ƙarƙashin gadon Inna a cikin daɓen nan aka binne ta, bisa umarninta.

An gama ranar 8 ga Maris, kwana uku kafin azumi. Kuɗin bai kai rabin na kifin ƙarfe ba.

Ranar ina zaune kusa da Inna a gindin ɗakunan yamma. Bayan azahar bangon fili ne, ja, babu komai a kansa. Can sai inuwar homa ta bayyana a kan daɓe, ta rarrafa ta kama dutsen. Inuwar goruna ta biyo ta, baƙaƙe, kewayayyu. Rana tana sauka suna hawa. Jim kaɗan bayan an idar da la'asar suka zauna daidai kan farin layin, suka haye shi, suka ci gaba da tashi a hankali kamar ruwa na ɗaga su, har ɗakunan yamma suka tare rana, bangon ya koma fili. Inna ba ta ce uffan ba. Tsintar shinkafarta ta ci gaba da yi, amma na ga ba ta kallon faifan.

Damina biyu bayan nan

A daminar 2024, duk da an yi ruwa sosai, bai kwana a tsakar gidan ba. Makubar bayan bango ta zaizaye kimanin mita 1 ta gefen arewa, aka sake shafawa da kaka. Zanzaro ya yi gida a cikin gora 2, aka toshe bakunan da guntun koma. Yaro ya yaga homa ɗaya da kara, aka gyara. Gora ko ɗaya bai fashe ba, kuma da dare shiru.

Inna ta mai da rumfar wurin zamanta daga asuba zuwa azahar, mata kuma sun dawo salla a waje. Da hunturu inuwar gorunan tana isa layin kusan tare da kiran la'asar, da bazara tana makara da wajen rabin awa, har yaran gida sun fara duba ta kafin su ɗauki buta. Ranar da hazo ya yi kauri babu inuwa sam. Da la'asar ɗin bazara ba mai iya zama a cikin rumfar, rana tana shiga ta kai tsaye. Matan gida sun rasa rabin gurbin, murabba'in mita 12, kuma da kaka, lokacin da shanya ta yi yawa, suna faɗin haka a fili. Mai fasahar kansa sau biyu kawai ya taɓa ganin aikin da la'asar da idonsa.

Abin da na gani

Aiki na farko da na biyu ba rashin gwaninta ya kayar da su ba. Hannun saurayin nan ɗaya ne a duka ukun. Kifin an yi shi ne don gidan da ke cikin hoto 4, gidan da babu shanya, babu salla, babu yaro ɗan shekara 3, kuma irin wannan gida sau biyu yake samuwa a shekara. Na biyu ya gyara maganar addini, ya kuma kama abin da ya dace, wato kayan Baba, amma ya ɗauki gora a matsayin siffa kawai, ya manta ƙwarya ce mai tsagewa, mai tara ruwa, mai ƙara, kuma ƙarar tana da ma'ana a kunnen mace ɗaya. Ina ganin laifin nan har da mu. Na san iskar kusurwar nan tun ina yarinya, na kuma ga bakunan gorunan a sama, kyan abin ya hana ni magana.

Na uku ya tsaya ne saboda kowane awo a jikinsa yana da wanda ya ba da shi: santimita 60 daga ambaliya, tazarar rumfa daga azara, bayan bango daga magini, wurin kallo daga inda mata ke zama da ma, adadin goruna daga barcin Inna. Abin da mai fasahar ya ƙara nasa ne shi kaɗai, kuma ba ƙarami ba ne, domin mu duka mun sha ganin inuwar homa a bango, ba wanda ya ga kogi a cikinta. Amma da Inna ba ta fito zaure ta yi tambayar nan ba, da bai samu abin da zai yi aiki da shi ba. A gidajenmu wanda ke biyan kuɗi da wanda ke yin aiki maza ne da ba sa wuni a tsakar gida, masu wuni a cikinta kuma ba a saba tambayarsu ba. Duk mai son kafa irin wannan aiki a gidan Bahaushe sai ya nemi hanyar jin ta bakinsu tun kafin ya zana komai, ba tare da ya keta suturar gidan ba, kuma a nan sanda ɗaya da toka da wayar yarinya sun isa.

Ban ce an gama ba. Idan ruwa ya wuce na 2020, tubalin zai sha. Bangon kuma yana son makuba a kai a kai, maginin ya kwanta ciwo tun bayan daminar 2025, ɗansa bulo kaɗai ya iya. Yaya ya kawo shawarar a shafe bayan da siminti a huta. Maginin, daga kan shimfiɗarsa, ya aiko cewa siminti ba ya riƙe ƙasa, danshi zai taru a bayansa, wata rana ya ɓanɓare gaba ɗaya ya tafi da fuskar bangon. Ni ina bayan magini, na kuma gaya wa Yaya haka. Yanzu a zaure akwai buhun siminti 4 da ya aiko, a gefensu kuma buhun ɓawon ɗorawa 2 da Inna ta sa aka sayo mata a kasuwa da kuɗin guminta. Jikar nan da ta yi awon inuwa ta je wurin tsohon sau biyu da littafinta, tana rubuta kwana nawa ake jiƙa ɓawon da yadda ake gane ya nuna.